Konfushiyas a Ajin Harvard: Zuma Ba Harbi

A shekarar 2013, darasi na uku mafi cika da ɗalibai a Jami'ar Harvard da ke Amurka shi ne na tsohuwar falsafar ƙasar Sin. Darasin tattalin arziki da na kimiyyar kwamfuta kaɗai suka fi shi jama'a. Ɗalibai sama da 700 ne suka yi rajista domin su saurari Farfesa Michael Puett yana bayanin Konfushiyas da Mengzi da Zhuangzi, mutanen da suka bar duniya fiye da shekara dubu biyu da suka wuce. A 2016 Puett da marubuciya Christine Gross-Loh suka mayar da darasin littafi mai suna The Path, wato hanya, aka kuma fassara shi zuwa harsuna da dama. Ga mutane da yawa a wajen Sin, wannan littafi shi ne ƙofar farko, wataƙila kuma ta ƙarshe, da za su leƙa tunanin Konfushiyas ta cikinta. Shi ya sa ya cancanci a auna shi da kyau. Hukuncina shi ne littafin ya kama abu ɗaya na gaskiya ya bayyana shi sarai, amma ya tsame shi daga duk abin da ke sa shi nauyi.

Bari mu fara da abin da ya kama. Puett ya ce matashin Amurka ya taso da imanin cewa a can cikinsa akwai wani "ni na ainihi" wanda ya kamata ya gano, ya rungume, ya zaɓi sana'a da abokin zama daidai da shi. A fahimtar Puett, malaman Sin na dā za su ga wannan a matsayin tarko. Abin da mutum yake kira halinsa sau da yawa tarin sabo ne: yadda ya saba ɗaga murya idan mahaifiyarsa ta yi magana, yadda ya saba yin shiru a gaban wani. In ya ce haka Allah ya yi shi, ya kulle kansa ke nan. Mafita a wajen Konfushiyas, wanda ya rayu daga 551 zuwa 479 kafin haihuwar Annabi Isa a masarautar Lu, ita ce abin da Sinawa ke kira li. Kalmar ta haɗa hadaya ga kakanni, da zaman makoki, da gaisuwa, da yadda ake zama a gaban babba. A Hausa ladabi ne ya fi kusa da ita, ko da yake ta taɓo al'ada, ta kuma taɓo ibada. Ta hanyar maimaita waɗannan ayyuka ne mutum ke sassaƙa kansa har ya zama junzi, wanda za mu iya kira mutumin kirki.

Misalin da ya fi ƙarfi a littafin daga tsofaffin littattafan ladubba na Sin ya fito. Idan mai mulki ya rasu ɗansa ya gaje shi, a wajen hadaya jikan mamacin ne ke zama a matsayin kakan. Sabon mai mulkin sai ya yi wa ɗan cikinsa hidima tamkar mahaifinsa ne. Kowa a wurin ya san yaron ba kakan ba ne. Amma na ɗan lokaci uba ya sake ɗanɗana zama ɗa, ɗa kuma ya ɗanɗana nauyin girma, kuma idan aka tashi daga wurin dangantakarsu ta ɗan motsa daga inda take. Puett ya kira wannan ladabin "kamar dai", ya kwatanta shi da babban da ke wasan ɓuya da yaro, yana yin kamar bai gan shi ba alhali ƙafarsa na waje. Wannan karatu ba na jiya ba ne a wajensa. Ya gina shi tun a littafinsa na bincike To Become a God na 2002, da Ritual and Its Consequences na 2008 da ya rubuta tare da wasu masana uku. Mutumin ya san fagensa, kuma a nan littafin ya yi abin da malamin kirki ke yi: ya ɗauki abin da ɗalibi zai raina a matsayin bidi'ar tsofaffi, ya nuna masa hikimar da ke ciki.

Matsala ta farko ita ce wa ake yi wa magana. Duk littafin an ɗinka shi ne daidai jikin ɗalibin da ya ƙoshi da 'yanci, wanda ciwonsa shi ne yawan zaɓi. A wajensa, jin cewa gaisuwa na gyara zuciya labari ne sabo. Mai karatu da ya tashi a gidan da ake durƙusawa a gaida babba, a tambayi kwana da gajiya da iyali kafin a faɗi abin da ya kawo mutum, ba ya bukatar farfesa ya gaya masa haka. Tambayarsa daban ce: yaushe ladabi ke komawa takunkumi? Wa ke cin moriyar shirun ƙarami? Miliyoyin matasan Sin da Koriya da Biyetnam sun yi wannan tambaya game da gadon Konfushiyas, kuma littafin bai ba su wurin zama ba.

Ba sai an je nesa ba, a cikin Lunyu kanta, wato tarin maganganun Konfushiyas da almajiransa suka haɗa a babi 20, akwai wuraren da ba sa shiga aljihun mai neman nasiha. Wani almajiri mai suna Zai Wo ya nemi a rage makokin iyaye daga shekara uku zuwa ɗaya, saboda ayyuka na lalacewa. Bayan ya fita, malamin ya zarge shi da rashin mutuntaka, hujjarsa kuwa jariri na yin shekara uku a hannun iyayensa. Wannan bai tsaya a takarda ba: a zamanin dauloli, jami'in gwamnati kan ajiye muƙaminsa na kimanin wata 27 idan mahaifinsa ko mahaifiyarsa ta rasu. A wani wurin kuma, wani basarake ya yaba wa mutumin da ya ba da shaida a kan mahaifinsa da ya saci tunkiya, Konfushiyas ya nuna cewa a garinsu uba da ɗa rufa wa juna asiri suke yi, kuma wannan shi ne gaskiyar. A farkon shekarun 2000 masana a Sin, irin su Liu Qingping da Guo Qiyong, sun yi doguwar muhawara a kan wannan wuri: shin a nan tushen son kai da cin hanci yake, ko kuwa kariya ce ga iyali daga hannun hukuma? Irin wannan ne ke sa aji ya yi zafi, ɗalibi ya koma ɗaki yana juyayi. The Path ya fi son misalan da ke ƙarewa da murmushi.

Matsala ta biyu tarihi ce. Babobin littafin sun tsaya kan malaman da suka rayu kafin a haɗe Sin a daula ɗaya a shekara ta 221 kafin haihuwar Annabi Isa. Abin da ya biyo baya an ratsa shi da gudu. Amma Konfushiyas ɗin da ya mulki rayuwar Gabashin Asiya ta hannun magada ya zo. Zhu Xi, wanda ya rayu daga 1130 zuwa 1200, shi ya ware Littattafai Huɗu ya yi musu sharhi, kuma daga 1313 sharhinsa ya zama ma'aunin jarrabawar shiga aikin gwamnati har aka soke ta a 1905. Kusan shekara 600 ke nan ana haddace fahimtar mutum ɗaya domin samun muƙami. Jarrabawar ta buɗe wa wasu 'ya'yan talakawa ƙofa, ta kuma rufe ta ga mata baki ɗaya. Cheng Yi, ɗaya daga cikin malaman da Zhu Xi ya gina a kansu, yana ganin mutuwar bazawara da yunwa ta fi sauƙi a kan ta sake aure, kuma a zamanin daulolin Ming da Qing hukuma ta riƙa gina ƙofofin tunawa ga matan da suka ƙi aure bayan rasuwar miji.

Saboda irin wannan ne marubuci Lu Xun, a gajeren labarinsa na 1918 game da wani mahaukaci, ya siffanta tsohon tsarin da al'ummar da ke cin naman 'ya'yanta. A 1966 matasan Juyin Al'adu suka far wa haikali da maƙabartar Konfushiyas a garinsu Qufu. Daga 2004 kuma gwamnatin jam'iyyar nan dai ta fara buɗe cibiyoyin koyar da Sinanci a ƙasashen duniya da sunansa. Mutum ɗaya, an bauta wa tunaninsa, an tona kabarin zuriyarsa, an mayar da shi tambarin diflomasiyya, duk cikin ƙarni guda. Ɗalibin da ya gama The Path zai san yadda zai gyara hirarsa da abokin ɗakinsa, amma ba zai fahimci dalilin da ya sa sunan ke tayar da jijiyar wuya a Beijing ko Seoul ba.

Matsala ta uku ita ce addini. Littafin ya ɗauki hadaya ga kakanni ya mayar da ita motsa jiki na zuciya, wanda ba ruwansa da ko ruhohin suna nan ko ba sa nan. Akwai madogara ga wannan a tsofaffin nassoshi, musamman wajen Xunzi. Sai dai tambayar ko tafarkin Konfushiyas addini ne ta daɗe tana raba kawuna, kuma amsarta na da sakamako. Matteo Ricci, ɗan mishan na Jesuit da ya rasu a Beijing a 1610, ya ɗauki girmama kakanni a matsayin al'adar zamantakewa, domin Basine ya iya zama Kirista ba tare da ya bar ta ba. Fadar Paparoma ta ƙi yarda, ta haramta a 1715, ta jaddada a 1742, sai a 1939 ta sassauta. A Ingila, James Legge, wanda ya zama farfesan Sinanci na farko a Oxford a 1876, ya fassara nassoshin cikin jerin littattafai masu tsarki na Gabas da Max Müller ya shirya. Anna Sun, a littafinta Confucianism as a World Religion na 2013, ta nuna cewa daga wannan aiki na Oxford ne tafarkin ya samu kujera a jerin "addinan duniya" da ake koyarwa a jami'o'in Turai da Amurka. A yau gwamnatin Sin ta amince da addinai biyar, babu shi a ciki, alhali Indonesiya ta lissafa shi cikin addinanta shida. A Seoul har yanzu ana yi masa hadaya sau biyu a shekara a Sungkyunkwan, makarantar da aka kafa a 1398. Musulmin Sin ma sun shiga wannan fage: malamai irin su Wang Daiyu a ƙarni na 17 da Liu Zhi bayansa sun rubuta aƙidar Musulunci da kalmomin magadan Konfushiyas, domin shi ne yaren ilimi na zamaninsu.

Idan aka jera waɗannan, sai a ga The Path a matsayin sabon ɗa a tsohon gida. 'Yan mishan sun sami Konfushiyas mai hankali wanda bai yi karo da coci ba. Oxford ta sami mai kafa addini da littafi mai tsarki, domin ya yi layi da sauran. Harvard ta sami mai ba da shawara ga matashin da ya rasa inda zai sa kansa. Kowane aji ya ɗinka masa rigar da ta dace da masu sauraro. Wannan ba laifi ba ne a kan kansa, domin babu malamin da ke koyarwa ba tare da zaɓi ba. Laifin shi ne a ɓoye ɗinkin. Littafin ya yi ta gargaɗin mai karatu kada ya kalli Sin ta tagar Yamma, amma bai juyo ya nuna tagar da shi kansa ya tsaya a bayanta ba.

Za a iya kare Puett da cewa littafi ne na masu farawa, kuma a ajin kansa ɗalibai na karanta nassoshin a fassara, ba taƙaitawa kawai ba. Za a kuma ce malamin da ya jawo mutum 700 zuwa ga Mengzi ya yi wa fagen hidimar da takardun bincike ɗari ba su yi ba. Duka gaskiya ne. Amma mai farawa shi ya fi bukatar a gaya masa inda ƙaya take, domin ba shi da wani wurin da zai ji. Babi ɗaya kan Zai Wo da tunkiyar da aka sata, wani kan Zhu Xi da Lu Xun, da ba su rage wa littafin masu saye ba, da kuma sun ba hujjarsa ƙafa. Idan har ladabi na da ikon sake gina mutum kamar yadda Puett ya nuna, to yana da ikon murƙushe shi, kuma tarihin Gabashin Asiya cike yake da shaidar biyun.

Hausawa sun ce ba a shan zuma sai an sha harbi. The Path ya tace zumar ya zuba a kwalba mai kyau, kuma zumar ta gaske ce: babin Konfushiyas da na Xunzi sun cancanci a karanta su a natse. Wanda ya karanta su ya nemi fassarar Lunyu cikakkiya ya bi ta babi-babi, ya haɗa da littafin Anna Sun da labarin Lu Xun. A can zai gamu da malamin da ya yi yawo daga masarauta zuwa masarauta yana neman mai mulkin da zai saurare shi bai samu ba, wanda damuwarsa ta farko ita ce yadda za a mulki jama'a ba da bulala ba. Wannan mutumin ya fi wanda ke cikin The Path wuyar sha'ani, ya kuma fi shi abin faɗa ga mai karatu da ya riga ya san daɗin ladabi da nauyinsa.