Akwatin Sabwufa da Ƙofar Iskarsa

Duk wanda ya taɓa kunna sifika mai fid da kaurin amo, wadda ake kira sabwufa, alhali tana tsirara ba akwati, ya san faifanta zai yi ta kai da komo da ƙarfi amma kunne ba zai ji abin kirki ba. Illar kuwa ita ce, iskar da faifan ya tura gaba takan zagayo ta cike gurbin da ya bari a baya, sai biyun su kashe juna, tun da yake amo mai karkarwa sau 30 a daƙiƙa zangonsa ya haura mita 11, faifan kuwa da wuya ya kai rabin mita. Saboda haka akwati rabin sifika ne, kuma a kansa ne ma'abota wannan fanni suka rabu mazhaba biyu.

Mazhaba ta farko ta rufaffen akwati ce, wadda Edgar Villchur ya shahara da ita a Amurka tun 1954, inda iskar da aka tsare a ciki take riƙe faifan ta mai da shi mazauninsa. Amonsa tsab yake, yana kuma yafe kuskuren awo, sai dai yana cin wuta.

Ta biyu ita ce ta akwati mai ƙofa, wadda Albert Thuras na kamfanin Bell ya sami haƙƙin mallakarta a 1932, asalin hikimar kuwa yana cikin binciken malamin Jamus Helmholtz. Yaron da ya busa bakin kwalba ya riga ya san mas'alar: iskar wuya nauyi ce, iskar ciki mai lotsawa ce tana dawowa, su biyun suka haɗu suka tsai da murya guda. Haka abin yake a akwati: idan aka daidaita bututun ƙofar, mai sauraro ya sa tafin hannunsa a bakinsa lokacin da kiɗa ya sauko kan wannan murya, zai ji iska tana bugunsa, faifan kuwa ya kusa tsayawa cik, domin ƙofar ta karɓe masa aikin. A ganina babu abin sha'awa a wannan sana'a da ya kai wannan.

Amma ƙofar tana da sharuɗɗa masu tsanani. Tsawon bututu yana sauko da murya, haka ma girman akwati, faɗin bututu kuwa yana ɗaga ta. In an ƙuntata shi iska ta yi gudu har a riƙa jin huci a bakinsa, in an faɗaɗa shi lalle ne a ƙara masa tsawo, tsawon nan kuma ya ci sararin akwatin da aka riga aka ƙiyasta. Shi ya sa gwanaye suke buɗa bakin bututu su goge kaifinsa. Mafi hatsari, ƙasa da muryar da aka tsayar ƙofar takan zama rami kawai, faifan ya rasa mai riƙe shi, ya yi ta fizga har ya lalace, in ba an sa masa matacin da zai tare waɗannan muryoyi ba.

Neville Thiele na Ostareliya a 1961, da Richard Small bayansa a farkon shekarun 1970, su suka fid da al'amarin daga kirdado zuwa hisabi, suka nuna cewa ma'aunai uku na sifikar kanta, wato muryar karkarwarta, da yadda take danne karkarwar, da gwargwadon iskar da ta yi daidai da taushinta, su ke hukunta girman akwati da bututu. Ƙa'idar Hofmann kuma ta yanke cewa ƙanƙantar akwati, da zurfin amo, da ƙarancin cin wuta, biyu kaɗai ke samuwa tare.

Abin takaici shi ne yadda wasu kafintocinmu, masu hannu ƙwarai wajen yanka katako, suke kwaikwayon akwati da ido su huda masa ƙofa don ado. Wanda bai sami ma'aunan sifikarsa ba, rufaffen akwati mai kaurin katako da ƙarfin gam ya fi masa alheri.