Tarihin Sarakuna da Tarihin Talakawa: Duban Littafin M. G. Smith

Tun da Palmer ya buga fassarar Tarihin Kano da Ingilishi cikin 1908, ɗalibanmu suke haddace jerin sarakuna daga Bagauda, da yaƙoƙinsu. Wannan ilmi ne, babu musu. Amma fa a tambayi ɗalibi yadda mutumin Kausani, a ƙasar Wudil, yake gadon gona, ko wa yake karɓar harajinsa, ko dalilin da ya sa kasuwar shanu ta Wudil ta kafu inda take, sai ya yi tsit. Amsar tana wurin masu ilmin zaman jama'a da na tattalin arziki, waɗanda sau da yawa akan raba su da sashen tarihi.

M. G. Smith, mutumin Jamaika, ya gwada haɗa fannonin nan cikin littafinsa kan mulkin Zazzau na 1960. Ya zauna ƙasar Zariya cikin 1949 da 1950, ya bi sarautu ɗaya ɗaya, ya nuna wa yake naɗa wa, wa yake riƙe da wane gari. Matarsa Mary kuwa ta rubuta labarin Baba ta Karo, 1954, wanda ni a ganina ya fi littattafai da yawa koya wa ɗalibi yadda bauta da aure suke kafin zuwan Turawa.

To, ga inda na saɓa da shi. Ya kasa tarihin nan gida biyu, mulkin Haɓe da mulkin Fulani, kamar kowanne abu guda ne dunƙulalle. Kalmar Haɓe kuwa Fulatanci ce, jam'in Kaɗo, watau sunan da wani ya laƙaba wa wani. Mutanen Zazzau Zagezagi suke kiran kansu. Yusufu Bala Usman, na Jami'ar Ahmadu Bello, ya soki irin wannan rabo, ya nuna cikin littafinsa kan Katsina na 1981 cewa sana'a da mazauni da malanta sun raba jama'a fiye da asali.

Saboda haka ina ganin lalle a koya wa ɗalibin tarihi ilmin zaman jama'a tun shekararsa ta fari, tare da nazarin harshe. Kafin ya rubuta Fulani kawai, sai a aike shi Utai, mazaunin Joɓawa, ya ji da kunnensa sunan da dattawa suke kiran kansu, da wanda suke kiran maƙwabtansu na Kausani.