Gwanayen da Ke Koya wa Yara Karanta Shaidar DNA

Ba ƙaramar gwaninta ba ce malami ya sa ɗan sakandare ya ciro abin da ido ba ya gani da hannunsa. Da irin wannan koyarwa cibiyar DNA Learning Center da ke Cold Spring Harbor, a jihar New York ta Amurka, ta yi suna tun da aka buɗe ta a 1988.

Darasin yakan fara da kayan gida. Ɗalibi ya kurkure baki da ruwan gishiri ya tofa a kofi, a ɗiga masa sabulun wanke-wanke don ya fasa ƙwayoyin halittar da suka fito daga kumatu. Da an tsiyaya sifirit mai sanyi a hankali, sai fararen zaruruwa su taso kamar auduga. DNA ɗinsa ke nan.

Daga nan malam ya ƙirƙiri labarin sata, ya raba samfura: ɗaya daga inda aka yi laifin, sauran na waɗanda ake zargi. Yara su zuba sinadarin da ke yanka DNA gunduwa-gunduwa, su ɗiga kowane samfuri a raminsa cikin wani daskararren abu da ake samu daga ciyawar teku, sannan a kunna lantarki. Lantarkin ya ja gunduwoyin zuwa ɗaya gefen, ƙanana su yi nisa, manya su tsaya kusa. Idan aka sa rini, layuka su bayyana. A nan gwanin malami ke kame bakinsa, ya bar yara su gwada layi da layi, su yi gardama, su yanke hukunci da kansu.

Alec Jeffreys na Jami'ar Leicester a Ingila ne ya gano wannan hanya ta gane mutum da layukan DNA ɗinsa a 1984. Da 'yan sanda suka fara amfani da ita a 1986, wani matashi ta fara wankewa, bayan har ya amsa laifin kisan da bai yi ba. Mai laifin, Colin Pitchfork, sai a 1988 aka ɗaure shi.

Hausawa sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Malamin da ya koya wa yaro neman hujja kafin ya nuna wani da yatsa ya cancanci jinjina.