Jarumin Aro da Mugun Baƙo: Tsokaci Kan Labaran Bin Diddigi na Zamanin En'e

A hutun da ya wuce ina gida Ajingi, sai wasu abokaina uku da muka yi sakandare tare a Gaya suka kawo mini labaran da suka rubuta, suka ce tun da ni nake karatun Hausa a jami'a, in duba in gaya musu gaskiya. Na kuwa gaya musu, har yau ɗayansu bai sake amsa gaisuwata da sakin fuska ba. Abin da na faɗa musu shi nake so in baje a wannan mujalla tamu, domin na lura ba su kaɗai abin ya shafa ba.

Labaran nan uku duk na bin diddigi ne, watau irin labarin da za a yi sata ko kisa a ɓoye, sa'an nan wani mai kaifin basira ya bi sawu har ya tono mai laifi. Duka kuma an gina su a zamanin En'e, wajen shekarun 1950, lokacin hakimi da dagaci da alƙali da 'yan doka. Marubutan ba su ɓoye ba cewa Sherlock Holmes suka ara, wato tauraron da Arthur Conan Doyle na Birtaniya ya fito da shi a 1887, ya yi masa littattafai 4 da gajerun labarai 56. Tun Doyle na da rai, kafin rasuwarsa a 1930, masu sha'awa suke ɗaukar wannan tauraro suna ƙaga masa sababbin labarai. Saboda haka aro ba shi ne laifin ba. Ai Abubakar Imam ma daga littattafan Larabawa da Indiyawa da Turawa ya ɗebo yawancin abin da ya zuba a Magana Jari Ce, amma wa ya taɓa karantawa ya ji ƙanshin baƙunta?

Mu fara da jarumi. A labarin farko wani malamin makarantar elementare ne a Gaya, gwauro, ba ya shiga sabgar kowa, yana zaune a ɗaki yana busa taba, abokinsa malamin asibiti yana rubuta abin da ya faɗa. Kowa ya san wannan Holmes ne da Likita Watson aka sa wa babbar riga da hula. Ɗan doka kuwa an mai da shi dolo, kamar yadda Doyle ya yi wa Lestrade. To, a nawa ganin, a nan aka fara tuntuɓe. Holmes ɗan Landan ne, birnin da mutum zai shekara bai san sunan maƙwabcinsa ba. A irin wannan wuri ana bukatar wanda zai duba tokar taba da laka a takalmi ya gane wane ne ya shigo. Amma a Toranke ko Kademi ta 1950, in an saci jaki da dare, kafin hantsi matan da ke bakin rijiya sun san inda ya kwana. Akwai masu bin sawu, akwai mai unguwa da ya san duk wanda ya sauka a zauren wani. Wahalar ƙauye ba sanin ɓarawo ba ce, samun wanda zai tsaya gaban alƙali ya ambaci sunansa ita ce wahalar. A shari'ar da ake yi a lokacin mai ƙara ne zai kawo shaidu, in ya rasa sai wanda ake tuhuma ya rantse ya kama gabansa. Ashe ke nan jarumin da labarin ke nema shi ne mai ƙarfin halin ba da shaida, alhali yana da gona da 'ya'ya a ƙasar wanda zai tona. Gwauron da ba shi da abin da zai rasa, me za a ji masa tsoro a kai?

Akwai kuma wani abu da abokan nawa ba su lura da shi ba. In muka waiwayi ƙagaggun labaranmu tun daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, za mu ga cewa wayo da dabara ba a hannun mai kama ɓarawo marubutanmu suka sa su ba, a hannun ɓarawon suka sa. Tauraron Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo ɓarawo ne. Da'u Fataken Dare na Tanko Zango sunansa ma ya isa bayani. Ko Alhaji Imam na Ruwan Bagaja, shi da Malam Zurƙe, ba kowace dabararsu za a iya karewa a gaban alƙali ba. Har zuwa Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare a 1982, Mailoma mai karatu yake bi, ba masu farautarsa ba. Duk jikokin Gizo ne. Wanda ya tashi da irin waɗannan labarai, in ka ba shi jarumi mai tsabta kamar farin alawayyo, wanda bai taɓa ƙarya ba, bai taɓa cin bashi ba, kafin shafi na goma ya fara hamma.

Sai mugu, kuma a nan ne raina ya fi ɓaci. A labari na farko, wanda ya sace kuɗin haraji wani Buzu ne mai gadi. A na biyu, wani Bafulatani ne da ya biyo da shanu zai kai kasuwar Wudil ran Juma'a. A na uku, wani boka ne mai jan ido da ya zo daga gabas, ba a san asalinsa ba. Marubuta uku, ba su yi shawara da juna ba, amma duk suka ɗora laifi a kan baƙo! Kuma duk an ba su kama ɗaya: tabo a fuska, murya mai kaushi, dariyar ƙeta. Da ka gan shi a shafi na uku ka gama karatu.

Su kansu Turawan da aka kwaikwaya sun daɗe da gane wannan rauni. A 1929 wani limamin Kirista marubuci, Ronald Knox, ya tsara ƙa'idoji 10 na irin wannan labari. Cikinsu ya hana sa Basine, saboda marubutan lokacin sun mai da shi abin jingina kowane mugun aiki, ya kuma hana warware matsala ta hanyar tsafi ko aljanu. Moriarty ma, babban abokin gābar Holmes da ya bayyana a 1893, farfesan lissafi ne mai mutunci a idon jama'a. Mu dawo gida. Wane ne mugun Magana Jari Ce? Waziri ne, na hannun daman Sarki, wanda ake faɗuwa a gaishe shi. Da Imam ya sa wani bara ne daga nesa yake ƙulla wa Musa makirci, da Aku bai sha wahalar kwana yana zuba labari ba, dogari ɗaya ya isa.

Ina da dalilin da ya sa abin ya tsaya mini a rai. Kakata, Allah ya jiƙanta, takan ba mu labarin wata shekara da buhunan gyaɗa suka ɓace a wani ƙauye kusa da namu, tana amarya. Ba wanda bai san ɗan wane gida ya kwashe su ba, amma gidan masu faɗa a ji ne. Sai aka kama wani ɗan ci-rani da ke kwana a zaure, aka ɗaure shi, aka tafi da shi, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Takan ce mijinta, wato kakana, ya ga lokacin da aka ɗora buhunan a kan jakuna, ya koma ɗaki ya ja ƙofa. Har ya tsufa ba ya son a tayar da zancen. Da na karanta labaran abokaina sai na ga sun sake kama wannan bawan Allah, sun sake ɗaure shi, wannan karon da alƙalami, har suna yi wa wanda ya kama shi kirari.

Ba na cewa labaran ba su da abin yabo. Mai labari na biyu ya iya zayyana wuri ƙwarai. Yadda ya kwatanta layin masu biyan jangali, da malamin haraji yana lasar fensir kafin ya rubuta, sai ka ce yana wurin, alhali tun 1979 gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a Jihar Kano, ba a ma haife shi ba. A cikin labarin nasa akwai wani ɗan doka da aka ba layi huɗu kacal, wanda ya san gaskiya amma albashinsa a hannun En'e yake, matarsa kuma 'yar ƙanwar dagaci ce. Na ce masa, “Malam, ga tauraronka nan ka bar shi a bakin ƙofa riƙe da kulki.” Ya ce ai ɗan doka ba ya zama jarumi. Na ce ya gwada babi ɗaya tak, ya bar Bafulatanin ya wuce da shanunsa Wudil lafiya, ya sa kuɗin su ɓace a cikin gidan dagaci, mu ga abin da ɗan dokan zai yi. Ya karɓi littafinsa ya ce sai na dawo hutun Sallah.