Yadda Ake Lallashin Ƙafar Jariri Har Ta Miƙe

Ungozoma ce ke fara gani. Ta ɗauki jariri za ta yi masa wankan farko, tana zuwa kan ƙafa sai hannunta ya tsaya. Tafin ƙafar ya juya ciki, yatsu sun sunkuya ƙasa, dunduniya ta haye sama ta maƙale, ƙafar duka ta lanƙwashe kamar lauje. Ta gwada miƙar da ita a hankali, ta ƙi. Sai ta ja zani ta rufe, ta yi wa mai jego barka da arziki. Kafin ranar suna duk matan gida sun sani, kuma kowacce da nata bayanin. Wata ta ce fitar almuru ce mai ciki ta yi, wata ta ce wani abu ta tsallake a hanya, wata ta ce a yi ta gasa masa da ruwan zafi zai warware. Uban kuwa yana ƙofar gida yana amsa barka, amma zuciyarsa na wajen mutumin nan da kowa ya sani a kasuwa, mai taka gefen ƙafa, wanda kanta ta fito masa a inda ba a takawa, takalmi ba ya shigarsa.

Wannan mutumin, da an kai shi inda ya dace yana ɗan sati biyu, da yau yana tafiya kamar kowa. Murɗaɗɗiyar ƙafa ta haihuwa tana samun kusan jariri ɗaya cikin 1,000, maza sun ninka mata, kuma kusan rabinsu ƙafafun biyu ne. A ƙasar nan tamu ana yawan haɗa ta da shan inna, alhali sun sha bamban. Shan inna kamuwa ake yi da ita bayan haihuwa, ta saki ƙafa ta bar ta ba ƙarfi. Wannan kuwa da ita ake zuwa duniya, ƙafar na da ƙarfinta, jijiyoyin ciki da na baya ne suka gajarta suka janye ƙananan ƙasusuwa daga mazauninsu. Wani lokaci tana bin jini. Babu abin da uwa ta ci ko ta taka da ya jawo ta.

Mutumin da ya gano yadda ake gyara ta ba tare da babbar tiyata ba sunansa Ignacio Ponseti, ɗan ƙasar Sifaniya, an haife shi ranar 3 ga Yuni 1914. Yaƙin basasar ƙasarsu ya kore shi, ya bi ta Faransa da Meziko, ya sauka a jami'ar Ayowa ta Amurka a 1941. A can ya riƙa ganin manyan mutane da aka yi wa tiyata suna yara, ƙafar ta miƙe a ido amma ta sandare, ga ciwo. Sai ya koma ya zauna da ƙasusuwan ƙafar jariri yana nazarin yadda kowane ke juyawa a kan ɗan'uwansa, har ya gane ta inda ake bi. Ya wallafa sakamakonsa a 1963, likitoci suka yi biris da shi fiye da shekara talatin. Bayan littafinsa na 1996 ne iyaye suka fara gaya wa juna ta intanet, suna ɗaukar 'ya'yansu zuwa wajen tsohon. Ya rasu a 2009 yana da shekara 95, hanyarsa ta riga ta zama abin da ake bi a duniya, kuma fiye da 90 cikin 100 na yaran da aka yi wa ita yadda ya kamata suna samun ƙafa mai taka ƙasa sosai.

Abin da ya fi burge ni a aikin shi ne babu ƙarfi a cikinsa ko kaɗan. Uwa na zaune a bakin gado da jariri a cinya, an ce ta ba shi nono, don yaron da ke tsotso jikinsa a sake yake. Mai aikin ya riƙe ƙafar, ya sa babban yatsansa yana lalube a gaban idon sawu ta waje, har ya ji wani ɗan ƙashi mai kai kamar ƙwallon magarya a ƙarƙashin fata. Nan ne duk sirrin yake. A kan wannan ƙashin sauran ƙafar za ta juya, kamar yadda ƙyaure ke juyawa a kan maƙalarsa. Ya dafe shi, da ɗaya hannun ya kama gaban ƙafar ya ja ta waje kaɗan, daidai inda ta yarda, ya tsaya nan kamar minti ɗaya. Dunduniya kuwa ba ya taɓa ta. Mai koyo hannunsa na son ya kama ta ya murɗo, kuma da ya kama ya toshe mata hanya. In an ƙyale ta, ita da kanta take biyo gaban ƙafar ta dawo wurinta. Idan yaron ya saki nono ya tsala kuka saboda zafi, an wuce gona da iri, sai a sassauta.

Daga nan mataimaki ya naɗa auduga, ya tsoma bandeji mai farin gari a ruwan ɗumi, abin da mutane ke kira siminti, fari fat kamar farar ƙasar da ake haƙowa a Ƙanƙara. Ɗaya na naɗawa, ɗaya na riƙe da ƙafar a inda ya kai ta, yatsunsa na ta shafa simintin suna fitar da siffar dunduniya da idon sawu tun yana ɗanye. Ba ya barin yatsa wuri ɗaya, don kada ya lotsa ya ci fatar yaron daga ciki. Sai a haura da shi har saman cinya, gwiwa a lanƙwashe, saboda in an tsaya a ƙasan gwiwa jariri shure shi yake yi ya zame. A ƙarshe a datse gaba, yatsu biyar su leƙo.

Simintin farko shi ke karya zuciyar iyaye. Kafin a ja ƙafar waje sai an fara ɗaga gefen babban yatsa, don a buɗe ramin da ya yi zurfi a tafin ƙafa, kuma wannan ɗagawar na sa ƙafar ta yi kamar ta ƙara juyawa ciki. Uban da ya sayar da buhun masara ya biya kuɗin mota zai duba ya ga kamar ɓarna aka ƙara yi. Mai aikin da ya san abin da yake yi tun kafin ya fara zai ce, «Malam, yau za ka ga kamar ta ƙaru, kada hankalinka ya tashi, ka dawo sati mai zuwa.» Jijiyar jariri in aka ja ta kaɗan aka riƙe ta kwana bakwai, sai ta saba da sabon tsawon, ta ba da damar a ƙara ja. Haka za a yi ta yi, a jiƙa tsohon siminti a baho a warware, a lallashi ƙafar, a sa sabo, sau biyar ko shida, wani lokaci har takwas. Wajen na uku uwa ta fara gani da idonta.

Abu ɗaya ke saura bayan ƙafar ta juyo waje: agara. Ita ce ta janye dunduniya sama, kuma kaurinta ya fi ƙarfin lallashi. Mafi yawan yaran sai an yanke ta. Kalmar yanka na razana mutane, don kowa ya san dabbar da aka sare wa agara ba ta ƙara tashi. Na jariri daban ne. Ana kashe zafin wurin, a sa ƙaramar wuƙar tiyata ta wata 'yar kafa da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, cikin ɗan lokaci an gama, dunduniya ta sauko. A sa siminti na ƙarshe ya yi sati uku, kafin a cire agarar ta haɗe da kanta a tsawon da ake so.

Ba na raina maɗoran gargajiya, sun ɗora karaya da yawa a garuruwan da likita bai taɓa kwana ba. Amma a nan babu abin da ya karye. Ƙafar da aka murɗe da ƙarfi aka ɗaure da kara, ƙashinta guringuntsi ne, lotsewa yake yi, kuma ɗauri mai tsanani na iya tare jini.

Duk wannan rabin aikin ne, kuma shi ne rabin da ake yi a asibiti. Sauran na hannun iyaye. Mutumin Ƙanƙara in zai kai ɗansa wajen likitocin ƙashi, ko dai ya bi ta Dutsin-Ma zuwa Katsina, ko ya bi ta Malumfashi da Gwarzo zuwa asibitin ƙashi na Dala a Kano, wanda ke aiki tun 1959. Ko wanne ya ɗauka ya haura kilomita 100. Na Faskari da Sabuwa sun fi kusa da hanyar Funtuwa zuwa asibitin koyarwa na Shika. Tafiya ce ta kowane sati, da mai jego da ba ta yi arba'in ba, a hanyoyin da shekarun nan ba a shigarsu da duhu, sai an ji labarin motar da ta riga wucewa, kuma dole a juyo kafin la'asar. In abin ya faɗo a damina, ranar asibiti ranar noma ce aka bari. Sati ɗaya da aka tsallake kuwa yana iya mayar da aiki baya, don yaro girma yake yi a cikin simintin.

A gida ma sai an sake ɗabi'a. Kakar da ta saba yi wa jikanta wankan safe da na yamma a kwano, dole ta haƙura ta koma goge jiki da tsumma, don siminti ba ya son ruwa. Sai an kula kada fitsari ya gangara ciki ta wajen cinya. Uwa kuma ta koyi karatun yatsu: ta danna farce ya yi fari, ta saki, in jini ya dawo nan take lafiya lau. In yatsun sun kumbura, ko sun yi sanyi sun canja launi, ko sun shige ciki ba a ganinsu, ba a jiran ranar da aka ba su, komawa ake yi.

Ranar da aka cire siminti na ƙarshe, ƙafa ta miƙe sarai, kowa na hamdala, ranar ce ake miƙo wa uwa takalmin ƙarfe. Takalma ne biyu masu buɗaɗɗen baki, an kafe su a kan sandar ƙarfe mai tsawon faɗin kafaɗun yaron, suna kallon waje. Irin da ya yaɗu a Afirka wani ma'aikacin lafiya ɗan ƙasar Holan mai suna Michiel Steenbeek ne ya tsara shi a Yuganda, da fata da ƙarfe da igiya, yadda baduku da maƙeri za su iya haɗa shi da kayan gida. Wata uku na farko yaro na sanye da shi awa 23 a kowace rana, awa ɗayar ta wanka ce. Daga nan sai da dare da lokacin barcin rana, har ya shekara huɗu ko biyar. Dalilin kuwa shi ne abin da ya murɗe ƙafar tun farko bai gama mutuwa ba, yana nan yana ja muddin yaron na cikin saurin girma. Likitocin Ayowa sun lissafa cewa a cikin yaran da aka daina sa wa takalmin, fiye da 80 cikin 100 ƙafar na komawa, a cikin waɗanda aka dage kuwa kusan 6 ne kawai. Wanda tasa ta fara komawa, da wanda ba a kai ba har ya fara tafiya, duk ana iya sa musu siminti, sai dai aikin ya fi tsawo.

Sa takalmin kansa gwaninta ce. A sa safa mai laushi a miƙe ta, kada ta naɗe. A lanƙwasa gwiwa, a tura dunduniya har ta zauna a ƙasan takalmin, a leƙa ta 'yar tagar da aka huda a baya a tabbatar ta sauka, sannan a ɗaure, a fara da madaurin tsakiya. Kwana biyu ko uku na farko yaro kuka yake yi, saboda ya saba shura ƙafa ɗaya-ɗaya, yanzu an haɗe su. Uwar da aka yi wa bayani sai ta kama ƙarfen tana ɗagawa tana saukewa tana yi masa wasa, har ya gane ana shurawa tare. Wadda ba a yi wa ba, tausayi zai sa ta kwance, yaron kuwa ya koyi cewa kuka na kwance takalmi. Ga goyo: ƙarfen ya hana ƙafafu rabuwa su rungumi ƙugu, don haka wata ukun nan yawanci a kafaɗa ake saɓa shi, ko a shimfiɗa masa tabarma kusa da murhu da turmi, ko wata 'yar'uwa ta karɓa. Ga zafin bazara da ke sa gumi da ƙuraje a ƙarƙashin safa. Ga takalmin da ke yin kaɗan duk bayan 'yan watanni, a sake hawa mota a karɓo na gaba.

Shekara ta biyu da ta uku sun fi duka wuya. Yaro na gudu a tsakar gida, babu mai cewa an taɓa yi masa wani abu, sai dai wanda ya ƙura ido ya ga ƙafar ta ɗan fi ɗayar ƙanƙanta, sha-raɓarta ba ta kai ta cika ba. Surukuwa ta ce, «Ke kuwa wannan ƙarfen har yaushe? Ai yaro ya warke.» Shi kansa ya yi baki, ya iya cewa «Inna, cire,» ya kuma koyi kwance igiya a cikin duhu. Wata uwar sai ta bari ya yi barci tukuna. Bayan isha'i ta haska fitilar waya ta kama ta da haƙora, ta jawo ƙafar da ta wuni a ƙasa ta goge ƙurar, ta sa safa, ta tura dunduniya, ta leƙa 'yar tagar, ta ɗaure, ta sake ƙulli a inda hannunsa ba ya kaiwa. Da asuba ta kwance ta rataye takalmin a ƙusa bayan ƙyaure, shi kuma ya diro daga gado ya bi yayyensa waje, sawunsa na fita a kan rairayin da aka share, dunduniya da yatsu biyar.