Auna Adabin Baka a Kan Takarda: Sharhi Daga Kontagora

1.0 Gabatarwa

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977, wadda aka yi wa gyara a 1981, ta tanadi a riƙa auna ɗalibi a kai a kai, kada a rataya makomarsa a kan jarrabawa guda. Wannan maƙala za ta dubi yadda tanadin ya kasance a darasin adabin baka, tare da kafa hujja da Kontagora, garin da gwamnatin tarayya ta buɗe kwalejin horar da malamai a 1978.

2.0 Abin da Takarda Take Aunawa

A kasuwar Kontagora, Hausa ce ke haɗa Bahaushe da Bakambare da Badakkare da Banufe. Yaro kan shigo aji da tatsuniya da karin magana a bakinsa. Sai dai jarrabawar Hausa ta WAEC da ta NECO rubutacciya ce. Akan nemi ɗalibi ya kawo ma'anar kirari ko ya lissafa rabe-raben tatsuniya. Wanda ya haddace bayanin malam ya ci, ko da ba zai iya jan tatsuniya ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ba. Alhali kuwa karya harshe irin na Gizo, da waƙa, da amshin masu sauraro, su ne ran tatsuniya, kuma ba sa hawa takarda. Saboda hangen wannan jarrabawa, malamai da dama suka mayar da aunawa a kai a kai ƙananan gwaje-gwajen rubutu.

3.0 Darasi Daga Makarantar Allo

Almajiri ba ya wanke allo sai ya biya karatunsa a gaban malam. Shi ma mahaddaci da satu ake tabbatar da shi, wato ya rubuta Alƙur'ani da ka. A nan aikin da aka koya shi ake sa ɗalibi ya yi, a gani.

4.0 Kammalawa

Akan kawo uzurin cunkoson aji da tsoron son zuciyar malami. Wannan gaskiya ne, amma akwai magani: a fayyace ma'aunin maki tun farko, malamai biyu su saurara, a kuma naɗi murya don bita. Ya kamata a ware wani kaso na makin aji ga aiwatarwa, kamar ɗalibi ya tattaro tatsuniya daga tsofaffin unguwarsu ya gabatar. Muddin ba a horar da malaman gobe a kan wannan hanya ba, za a ci gaba da yaye masu takardar shaidar adabin da ba sa iya furtawa.