Dajin Gundumi a Alƙalamin Matafiya: Darasi ga Mai Wa'azin Jeji

Mu masu wa'azi muna son kalmar jeji. Mukan ce wa ikilisiya jeji makarantar Allah ce, wurin kaɗaici da addu'a. Amma mutumin Isa ko Sabon Birni, a gabashin Jihar Sakkwato, in ya ji an ambaci daji yau, abin da ke faɗo masa a rai shi ne inda aka kai ɗan'uwansa ana jiran kuɗin fansa. Saboda haka ya kamata mu koyi karanta rubutun da aka yi a kan daji da idon basira. Za mu ɗauki daji guda, wato Gundumi, wanda ke tsakanin Isa da yankin Sakkwato, mu ga yadda aka rubuta shi.

Turawa biyu sun ratsa shi, suka bar labari. Hugh Clapperton ya bi ta cikinsa a 1824 a hanyarsa ta zuwa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Heinrich Barth, Bajamushen da aka sani a ƙasar Hausa da suna Abdulkarim, ya ratsa shi a 1853, labarin kuma yana cikin littafinsa mai juzu'i biyar da ya fito a 1857 da 1858. Barth ya sauka a Isa, ya bayyana cewa asalinta sansanin yaƙi ne, ta zama gari mai ganuwa domin ita ce ke fuskantar Gobirawa da Maraɗawa. Daga wannan yanki ayarinsu ya shiga Gundumi, suka yi tafiyar kimanin awa 26 ba zango, har suka iske Sarkin Musulmi Aliyu Babba a sansaninsa na Gawasu yana shirin yaƙi.

Dole mu yaba wa Barth. Mutum ne mai lura, yakan rubuta sunayen itatuwa da garuruwa yadda ya ji su a bakin mutanen ƙasa, bai kuma ɓoye cewa ana yaƙi ba. Inda muke da ja da shi shi ne wurin da ya tsaya yana kallo. Shi baƙon Sakkwato ne, yana tafe cikin amanarta. Don haka a shafukan Gundumi, Bagobiri yana fitowa ne a matsayin ɗaya daga cikin haɗurran hanya, kusa da ƙishirwa da ɓatan kai. Mai karatu zai gama shafin yana jin tsoron dajin, ba tare da an sa shi ya tambayi abin da ya kai mutane zama abin tsoro a cikinsa ba.

Amsar tana cikin tarihi. A 1808 Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a hannun masu jihadi, aka kashe Sarki Yunfa. Kufanta yana nan a ƙasar Sabon Birni. A 1826 Clapperton da kansa ya ga rundunar Bello ta kai hari Konya, inda Gobirawa suka sake kafa zama. A 1836 aka yi yaƙin Gawakuke, Sarkin Gobir Ali ya mutu, waɗanda suka ƙi miƙa wuya suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Rashin ruwa a Gundumi da rani halin ƙasar ne. Amma abin da ya hana ayari yada zango na awa 26 tsoron mutane ne, wannan tsoro kuwa siyasar shekara 45 ce ta haife shi.

Akwai kuma abin da waɗannan shafuka suka bari a baya. Ga Bagobiri na gargajiya, daji yana da masu shi. Maharbi ba ya shigarsa gaba gaɗi, domin ya yarda mazaunin iskoki ne. A fadar Gobir akwai sarautar Inna, mace daga gidan sarauta wadda ke shugabantar 'yan bori, abin da ke nuna cewa sha'anin iskoki da sha'anin mulki a haɗe suke. Ba sai mun karɓi wannan imani ba kafin mu gane darasinsa: wurin da baƙo ya ga wayam, mai gida ya san sunan kowace kuka da kowane tafki a cikinsa, ya kuma san na wane ne.

Wannan gurguwar fahimta ba ta mutu ba. Rahotannin yau sukan kira dazuzzukan Isa da Sabon Birni maɓoyar 'yan bindiga, su tsaya a nan. Laifin da ake aikatawa gaskiya ne, kuma mai muni: a Disamba 2021 an ƙone matafiya cikin mota a Gidan Bawa, a Agusta 2024 kuma Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Sai dai rubutun da ya ɗora laifin a kan daji ya sauke shi daga kan mutane. Ba ya tambayar yadda burtali ya zama gona, ko inda bindigogi ke shigowa, ko dalilin da hukuma ta bar ƙauye yana biyan haraji ga ɗan ta'adda kafin ya girbe geronsa.

In muka koma Littafi Mai Tsarki da wannan ido, za mu ga marubutansa sun fi mu faɗin gaskiya game da jeji. Hajara ta shiga jejin Biyer-sheba ne domin an kore ta daga gida (Farawa 21). Iliya ya gudu jeji ne saboda Yezebel ta yi rantsuwa za ta kashe shi (1 Sarakuna 19). Dawuda ya tara mutum wajen 400, matsattsu da masu bashi, sa'an nan ya aika wa Nabal yana neman rabo domin bai taɓa makiyayansa ba (1 Sama'ila 22 da 25). Manomin Isa zai gane wannan irin saƙo nan take, kuma Abigel ce ta hana zubar da jini. A jeji kuma aka yi wa Yesu tayin mulkokin duniya, ya ƙi (Matiyu 4). A kowane labari Allah ya sadu da mutum, amma nassin bai ɓoye wanda ya kore shi ba, ko ikon da ake takara a kansa.

To, in za mu yi wa'azi a kan jeji gaban wanda ya baro gonarsa, kada mu gaggauta ce masa Allah ne ya kai shi makaranta. Rijiyar da aka nuna wa Hajara ba ta wanke waɗanda suka kore ta ba. Ga aikin da muke ba ɗalibi: ka ɗauki nassi ɗaya na jeji da rahoto ɗaya na jarida a kan dazuzzukan gabashin Sakkwato, ka yi wa kowanne tambayoyi uku. Wane ne ke ba da labarin, daga ina yake kallo? Su wane ne ke cikin dajin da ba a bar su suka yi magana ba? Wa ya kore su, wa kuma ya amfana? Ka zo da amsoshinka aji kafin ka rubuta wa'azin.